WASIYYA BA KIRAN MUTUWA BA CE

Ran da aka koma makaranta bayan hutun Kirsimeti, muka shiga aji shida da rajista a hannu muna kiran suna. Kowa ya amsa sai yarinya ɗaya. Wurinta a bencin gaba, kusa da taga, ba kowa. Ita ce kuwa ke zuwa ta ɗaya a lissafi tun tana aji uku. Da muka tambaya, sai 'yan ajin suka ce, "Malam, ai babanta ya rasu, sun tashi."

Mun san da rasuwar, gama mun je jana'iza. Abin da ya biyo baya ne ba mu sani ba. Mutumin direba ne, bai cika shekara 45 ba. Da guminsa ya sayi fili a bakin gari, ya gina ɗaki 4, ya kuma sayi injin niƙa wanda matarsa ke lura da shi. Ya sha gaya wa matar cewa gidan nata ne da yara. Amma a ɗaka ya faɗa, daga shi sai ita, ba shaida, ba takarda. Tun masu gaisuwa ba su watse ba, 'yan'uwansa maza suka ɗauke akwatin da takardun fili ke ciki, wai za su adana. Bayan wata 2 suka kira matar suka ce, bisa ga al'adarsu dukiyar ɗan'uwa ta dangi ce, su za su riƙe har ɗan autan ya girma, da yake shi kaɗai ne namiji. Yaron kuwa shekararsa 3. Aka zuba 'yan haya a gidan, aka sayar da injin. Matar ta kwashi 'ya'yanta 4 ta koma gidan mahaifinta, yarinyar nan kuma aka kai ta birni aikatau.

Mu malaman makaranta mun ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mu ne muke fara ganin benci ya zama wofi. Abin baƙin ciki kuma, masu ƙwacen nan ba baƙi ba ne, waɗansunsu tare muke zama da su a majami'a ran Lahadi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da masu gida da matan gida a kan wasiyya, da kuma wata hanya da ake kira riƙon amana tun da rai.

Abin da ke hana mu rubutawa

In ka ce wa mutuminmu ya rubuta wasiyya, sai ya ɓata rai ya ce, "Fatan mutuwa kake yi mini?" Waɗansu ma gani suke kamar wanda ya rubuta ya buɗe wa mutuwa ƙofa. Amma mutuwa rigar kowa ce. Direban nan bai rubuta kome ba, duk da haka hatsari ya same shi a hanya. A cikin littafin Ishaya sura 38, sa'ad da sarki Hezekiya ya kwanta ciwo, an aiko masa ya shirya al'amuran gidansa. Mu lura da ƙarshen labarin. Hezekiya bai mutu a wannan ciwon ba, Allah ya ƙara masa shekara 15. Kwanakin mutum a hannun Allah suke, takarda ba ta rage ko ɗaya daga cikinsu.

Wani kuma yakan ce, "Ni me nake da shi? Wasiyya ai ta masu kuɗi ce." Wannan ma kuskure ne. Mai kuɗi, ko an yi rigima a kan dukiyarsa, iyalinsa ba za su kwana a waje ba. Talaka ne ke da gida ɗaya, gona ɗaya, babur ɗaya. In an ƙwace wannan ɗayan, babu na biyu.

Na uku yakan ce, "'Yan'uwana masu tsoron Allah ne, ba za su cuci 'ya'yana ba." Mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa. Amma ɗan'uwa nagari ma yana da masu zuga shi, yana da nasa matsalolin. Wasiyya taimako ce gare shi, gama tana ba shi abin da zai nuna wa dangi ya ce, "Ga abin da marigayi ya rubuta, ba ni da ikon canzawa."

In babu wasiyya, wace doka ke aiki?

A Nijeriya dokar gado ba ɗaya ba ce. Akwai dokar al'ada, wadda ta bambanta daga wannan kabila zuwa waccan. Akwai shari'ar Musulunci ga Musulmi. Akwai kuma rubutacciyar doka wadda muka gada daga Ingila, jihohi suka yi mata gyare-gyare. In mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, babban abin da ake dubawa shi ne irin auren da ya yi. Wanda ya yi auren doka, rubutacciyar doka ce ke raba gadonsa, ita kuwa tana ba mata da 'ya'ya rabonsu. Wanda ya yi auren al'ada kaɗai, galibi al'adar kabilarsa ake bi.

A nan ne Kiristoci da yawa ke ruɗuwa. Sukan ce, "Ai a majami'a aka ɗaura mana aure." Ɗaurin aure a majami'a shi kaɗai bai zama auren doka ba. Sai an kai sanarwa ofishin rajistar aure, an karɓo takardar izini daga wurin rajistara, an ɗaura auren a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, an kuma sa hannu a satifiket irin wanda doka ta tsara. In ba a yi waɗannan ba, a idon kotu albarka ce kawai aka sa wa auren al'ada. Muna roƙon kowane mai gida ya ɗauko satifiket ɗinsa ya duba. In yana shakka, ya tambayi fasto ko lauya.

Gaskiya ne kotuna sun tsaya wa mata da 'ya'ya mata. Wani ɗan ƙabilar Ibo, Lazarus Ukeje, ya rasu a watan Disamba na 1981, ya bar dukiya a Legas, bai bar wasiyya ba. Aka nemi a hana 'yarsa Gladys rabo, ta kai ƙara Babbar Kotun Legas a 1983. Shari'ar ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Afrilu na 2014. Kotun ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi ko yanayin haihuwarsa. A wannan watan kuma, a shari'ar Anekwe da Nweke, kotun ta yi watsi da wata al'adar Awka wadda ke hana gwauruwa gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. Al'adun Ibo aka yi shari'a a kansu, amma tsarin mulki na ƙasa duka ne. Mu da muka san labarin 'ya'yan Zelofehad mata 5 a Littafin Ƙidaya sura 27, waɗanda suka tsaya gaban Musa aka kuwa ba su gādo tare da 'yan'uwan mahaifinsu, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Amma mu ƙirga shekarun. Daga rasuwar Ukeje zuwa hukuncin ƙarshe an yi fiye da shekara 32. Wace gwauruwa mai tuyar ƙosai ce ke da kuɗin lauya na shekara 32? Kafin a gama, jaririn goye ya yi furfura a gemu. Doka tana nan, amma hanyar kotu doguwa ce. Rigakafi ya fi magani.

Yadda ake yin wasiyyar da kotu za ta karɓa

Tushen dokar wasiyya a ƙasarmu shi ne dokar da aka yi a Ingila a 1837. Jihohi kamar Legas da Kaduna da Kwara sun yi tasu dokar, amma sharuɗɗan sa hannu kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Na fari, sai a rubuce, ko da hannu ko da na'ura. Al'adu da yawa sun yarda da wasiyyar baka, wato abin da mutum ya faɗa a gaban shaidu kafin ya cika. Amma shaidu sukan mutu, sukan manta, sukan kuma ji tsoron dangi. Magana zarar bunu ce, rubutu kuwa yana nan.

Na biyu, mai wasiyya ya kai shekarun da doka ta yanka, wato 18 a waɗansu jihohi, 21 a inda tsohuwar dokar Ingila ke aiki. Ya kuma kasance cikin hankalinsa: ya san abin da yake yi, ya san dukiyarsa, ya san mutanen da suke da hakki a kansa. Saboda haka kada a bari sai a gadon asibiti. Wasiyyar da aka yi mutum yana fama da zafin ciwo, ita ce aka fi kai wa hari a kotu, a ce ba ya cikin hayyacinsa ko kuwa an tilasta shi. In tsoho ne ko majiyyaci, yana da kyau likita ya duba shi a ranar, ya rubuta shaidar cewa hankalinsa garau yake.

Na uku, mai wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu 2, dukansu biyu suna wurin a lokaci guda, sa'an nan su ma su sa hannu a gabansa. Wannan sharaɗi ne ke kā da wasiyyoyi da yawa. Mutum ya sa hannu a gida, ya kai wa abokinsa a kasuwa ya sa, gobe ya kai wa dattijon ikilisiya ya sa. Irin wannan takarda ba ta da ƙarfi. Ba dole ne shaidu su san abin da ke ciki ba, sa hannun suke shaida.

Na huɗu, kada wanda aka ba wani abu a cikin wasiyya ya zama shaida, haka kuma mijinsa ko matarsa. In ka bar wa ɗanka gona ka kuma sa shi shaida, wasiyyar za ta tsaya, amma kyautar gonar ta faɗi. Nemi mutane biyu daga waje, masu mutunci, waɗanda ba su tsufa da yawa ba.

Wanda bai iya karatu ba, ko makaho, shi ma yana iya yin wasiyya. Sai a karanta masa, a fassara da harshen da yake ji, mai fassara ya rubuta a jikin takardar cewa ya yi haka mai wasiyya kuma ya gane, sa'an nan ya dangwala yatsa a gaban shaidu.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata mu riƙe. Auren doka yakan rushe wasiyyar da aka yi kafinsa. Mutumin da matarsa ta rasu ya sake yin auren doka, sai ya sake wasiyya. Sa'an nan kada a soke layi da biro a rubuta wani abu a gefe. Kowane gyara sai an sa masa hannu da shaidu kamar na fari. In gyaran da yawa, gara a rubuta sabuwa, a faɗa a cikinta cewa ta soke ta dā.

Abin da za a rubuta a ciki

A faɗi kowane abu dalla-dalla. "Gidana" bai isa ba ga mai gida biyu, sai a faɗi unguwa da lambar fili. A rubuta cikakken sunan kowane mai rabo. A sa layi ɗaya a ƙarshe mai faɗin wanda zai sami sauran abin da ba a ambata ba, gama mutum yakan sayi abu bayan ya gama rubutu. A rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, domin sai an biya bashi kafin a raba gādo. In akwai kayan wani a hannunka, a bayyana. Ma'ajin ikilisiya, ko uwar adashi, ko wanda aka ba jinginar gona, in bai rubuta ba, sai a haɗa kayan mutane da nasa a raba, sunansa ya ɓaci bayan ba ya nan.

Mai gida ya kuma bayyana abin da yake na matarsa tun asali. Keken ɗinkin da ta saya da kuɗinta, ko awakinta, ko ɗakin da ta gina da sana'arta, ba gādonsa ba ne. Mata ma su yi tasu wasiyya. Malamar asibiti ko ta makaranta mai fili da sunanta, in ta rasu mijin ya sake aure, wa zai tsare wa 'ya'yanta abin da ta bari?

In mutum yana da ɗa a waje wanda iyali ba su sani ba, wannan magana ce mai nauyi, amma ɓoyewa ba ta kawar da ita. Tsarin mulki bai yarda a hana yaro hakkinsa saboda yadda aka haife shi ba. Gara mutum ya tuba ya faɗa da bakinsa, ya kuma rubuta, da a ce yaron ya bayyana a bakin kabari.

Ba kome ne wasiyya ke iya bayarwa ba. Gonar gandu wadda ta dangi ce gaba ɗaya, ba ta mutum ɗaya ba ce, ba ya iya bayar da ita. Dokokin jihohi kamar Kaduna sun faɗi wannan a sarari. Wanda ya gina gida a filin dangi, ya nemi shawarar lauya tun yanzu, ya kuma zauna da dattawan gidansu a yi rubutu. A waɗansu jihohi kuma, kamar Legas, in mutum ya hana matarsa ko 'ya'yansa kome, suna iya roƙon kotu ta yanka musu abin zama. Wasiyya ba sandar ramuwa ba ce.

Da yawa cikinmu muna da iyaye ko 'yan'uwa Musulmi. A shari'ar Musulunci bambancin addini yana hana gādo, amma bai hana wasiyya ba. Musulmi yana iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba. Haka kuma Kirista mai son tsohuwarsa Musulma ta sami abin riƙe kanta bayansa, sai ya rubuta sunanta da rabonta, kada ya bar wa dangi su yi ta gardama.

Wasiyyi, da inda za a ajiye takarda

Wasiyyi shi ne wanda ka naɗa ya zartar da abin da ka rubuta. Shi zai kai takardar kotu a tabbatar da ita, ya tattara dukiya, ya biya bashi, ya ba kowa rabonsa. Zaɓi mutum biyu, domin in ɗaya ya riga ka tafiya ɗaya yana nan. Matarka tana iya zama ɗaya daga cikinsu, doka ba ta hana mai rabo zama wasiyyi ba. Ka tambaye su tukuna ko sun yarda. Masu ƙananan yara kuma su faɗi wanda suke so ya riƙe yaran in uba da uwa duka ba sa nan.

Wasiyyar da ba a gani ba daidai take da wadda ba a rubuta ba. Shahararriyar mawaƙiyar nan ta Amurka, Aretha Franklin, 'yar wani fasto a birnin Detroit, ta rasu a 2018, aka ɗauka ba ta bar wasiyya ba. A 2019 aka sami takardu da rubutun hannunta a gidanta, ɗaya ta 2010 a cikin kabad, ɗaya ta 2014 a ƙarƙashin matashin kujera. 'Ya'yanta suka yi ta shari'a har 2023 kafin kotu ta ce ta 2014 ce wasiyya. Dokar jiharsu ta yarda da wasiyyar rubutun hannu ko ba shaidu. Da a nan ne, takarda marar shaidu 2 ba za ta tsaya ba sam.

Wuri mafi aminci a ƙasarmu shi ne ofishin rajistar gādo da ke Babbar Kotun jiha. Ana karɓar wasiyya a rufe cikin ambulan, a biya ɗan kuɗi, a ba ka rasit. Lauya ya riƙe kwafi ɗaya. Ka gaya wa matarka da wasiyyanka inda take. Takardun fili da na aure da na haihuwar yara kuma, a yi musu kwafi a ajiye a wuri na biyu. Ku tuna da akwatin direban nan.

Sunan da aka rubuta a banki

Sa'ad da muke buɗe asusu a banki ko muke kama aiki, akan ba mu takarda mu rubuta sunan ɗan'uwa mafi kusa. Mutanenmu sukan kira wannan wuri "magaji", suna tsammani wanda aka rubuta shi ke da kuɗin. Ba haka ba ne. Wannan suna na wanda za a nema ne in wani abu ya faru. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo takardar kotu: ko wadda ta tabbatar da wasiyya, ko kuwa, in babu wasiyya, takardar izinin kula da gādo. Wannan ta biyun ta fi wuya. Sai iyali sun daidaita a kan waɗanda za su nema, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa domin mai ƙorafi ya fito. In dangi ba sa jituwa, kuɗin yana kwance a banki yara suna zaune a gida ba kuɗin makaranta.

Ma'aikata su lura da wannan. Dokar fansho ta 2014 ta ce kuɗin da ke asusun fanshon ma'aikacin da ya rasu, sai da ɗaya daga cikin takardun nan biyu ake biya. Dokar ta kuma wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza albashinsa na shekara sau 3 ba. Wannan kuɗin inshora kuwa, wanda ma'aikaci ya rubuta a matsayin mai amfana shi ake ba. Mutane da yawa sun rubuta sunan wansu tun suna samari, sun yi aure sun haifi 'ya'ya ba su koma sun canza ba. A je ofis a duba.

Riƙon amana tun da rai

Wasiyya ba ta fara aiki sai mai ita ya mutu, kuma sai ta bi ta kotu. Akwai wata hanya da ta samo asali daga kotunan Ingila ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mutum yana da rai sai ya ɗauki wani sashe na dukiyarsa ya danƙa wa amintacce, da rubutacciyar yarjejeniya mai faɗin yadda za a juya ta da waɗanda za su amfana. Dukiyar tana da sunan amintaccen, amma ba shi da ikon ci, kotu tana iya tuhumarsa in ya saɓa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da abin da ya yi kama da wannan, wato wakafi.

A Amurka ne wannan hanya ta fi yaɗuwa, musamman bayan 1965, sa'ad da wani mutum mai suna Norman Dacey ya buga littafi yana koya wa talakawa yadda za su kauce wa tsada da jinkirin kotun gādo. A can mutum yakan naɗa kansa amintacce muddin yana da rai, ya ci gaba da zama a gidansa da juya kuɗinsa, ya kuma faɗi wanda zai gāji riƙon in ya mutu ko ya rasa hankali. Yana iya canzawa ko sokewa duk ran da ya so. Amfaninta uku ne. Dukiyar da ke cikin amana ba ta jiran kotu. Ba a karanta ta a bainar jama'a. Tana kuma aiki ko mutum bai mutu ba, misali in shanyewar jiki ta kwantar da shi.

A Nijeriya ma ana yi. Akwai kamfanonin riƙon amana masu rajista da hukuma, da yawansu reshen bankuna ne, waɗansu suna da tsari na musamman domin kuɗin makarantar yara. Amma a san abu uku kafin a shiga. Na fari, akwai kuɗin lauya da ladan kamfani, a tambaya a ji adadinsa a rubuce. Na biyu, sai an juyar da dukiyar da gaske zuwa sunan amana, in ba haka ba yarjejeniyar buhu ne marar kome a ciki. Fili kuwa, tun da aka yi dokar amfani da ƙasa ta 1978, wanda ke da takardar mallaka ta gwamna ba ya juya ta ga wani sai da yardar gwamna, wannan ma yana cin kuɗi da lokaci. Na uku, amana ba mafakar gudun bashi ba ce, ba ta kuma kawar da bukatar wasiyya, gama kullum akwai abin da ya rage a waje.

To, wa ya kamata ya yi ta? Mai gidajen haya ko kasuwanci wanda bai kamata ya tsaya cik ba. Mai ɗa naƙasasshe wanda zai bukaci kulawa har ƙarshen ransa. Mai 'ya'ya daga mata biyu wanda ya hango rigima. Ga yawancinmu kuwa, malamai da manoma da ƙananan 'yan kasuwa, wasiyya mai kyau ta isa. Ana ma iya sa riƙon amana a cikin wasiyyar kanta. A rubuta cewa uwar yara za ta zauna a gidan muddin ranta, kuɗin hayar ɗaki biyu na makarantar yara ne, ba kuwa za a sayar ba sai ƙaramin ya kai shekara kaza. Da direban nan ya bar layuka uku irin waɗannan, da bencin nan bai zama wofi ba.

A yi magana tun ana tare

Takarda tana rufe bakin mai ƙwace, amma ba ta warkar da zuciya. In 'ya'ya suka fara jin rabo ran da aka buɗe ambulan, wanda ya sami kaɗan yakan zargi 'yan'uwansa har abada. Gara mai gida ya fara zama da matarsa su yi shawara, sa'an nan ya kira manyan 'ya'yansa da ɗaya ko biyu daga cikin 'yan'uwansa ya gaya musu nufinsa da dalilinsa. In ya fifita wani, ko don naƙasa ko don shi ya yi jinyarsa, ya faɗa da bakinsa. Sa'an nan ya je wurin lauya. Kuɗin rubuta wasiyya mai sauƙi bai kai abin da muke kashewa a kan abincin jana'iza ba.

Ikilisiya ma tana da aiki. Fastoci suna iya duba satifiket na aure, su gyara wa ma'aurata tun da wuri. Zumuntar maza da zumuntar mata suna iya gayyatar lauya daga cikin 'yan'uwa ya yi bayani sau ɗaya a shekara. Dattawa kuma, in an yi rasuwa, kada su tsaya ga wa'azin jana'iza kaɗai. Su koma gidan bayan mako biyu, bayan wata biyu, su tambayi gwauruwar ko takardunta suna hannunta.

Yarinyar nan, zumuntar mata ta tara kuɗi aka komo da ita makaranta bayan ta rasa shekara guda. Ta gama firamare. Gidan mahaifinta kuwa har yau 'yan haya ne a ciki, ba ita ke karɓar kuɗin ba. Ubanta yana ƙaunarta ƙwarai, mun shaida, shi da kansa yake kawo kuɗin makarantarta ran farko na kowane zango. Abu ɗaya ne bai yi ba.

Ya kai mai gida, ya ke uwargida, a daren yau bayan addu'ar iyali, in yara sun kwanta, ku ɗauko littafi da biro. Ku rubuta abin da kuke da shi, da bashin da ke kanku, da sunayen waɗanda Allah ya danƙa muku. Kafin watan nan ya ƙare ku kai wa lauya. Allah ya ba mu tsawon rai, ya kuma same mu a shirye.